Burtalin da Na Goge da Hannuna

Har yau a Takur, unguwarmu a Dutse, akwai matan da ke rage murya idan na zo wucewa. Na san abin da suke faɗa: ga wadda ta kashe aurenta saboda wani ɗan layi a cikin kwamfuta. To, su yi ta faɗa. Ni na ga layin, ni na goge shi da hannuna, ni kuma na mayar da shi inda yake. Da za a sake ajiye min shi gobe da safe, a nan zan sake barin sa.

Ni ce 'yar fari a wajen Dada, mahaifiyata, don haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce min, in kuma da baƙi sai ta ce "yarinyar nan". Fulani ne mu ta kowane ɓangare, amma Baba ya bar bin shanu tun yana ƙarami, ya yi boko, ya kama aikin gwamnati a Dutse, ya rasu ina aji biyar na sakandare. Cikin dangin Dada mutum ɗaya ne ya rage da sanda a kafaɗa, wato ƙaninta, Kawu, wanda rugarsa ke bayan Aujara.

Littattafan soyayya ne suka raine ni. Akwai wani shago kusa da masu kayan miya inda ake ba da hayarsu, kuma ba na jin akwai wanda ya shiga shagon nan bai bi ta hannuna ba. Ina karantawa a ƙarƙashin tebur a aji, ina karantawa ina tsince shinkafa, na sha ƙona miya. Na yarda da duk abin da ke cikinsu. Na yarda cewa wata rana wani zai tsaya a ƙofar gidanmu cikin farar shadda, ƙamshinsa ya riga shi shigowa, ya kalle ni sau ɗaya duniya ta tsaya. Abin mamaki, haka ɗin kuwa aka yi.

A wajen bikin wata ƙawata muka haɗu. Dogo ne, mai fatauci da riɗi, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalmomin su fashe. Gimbiya yake ce min. Saƙonnin da yake turo min a waya sun fi na cikin littattafan daɗi, domin nawa ne ni kaɗai. Wata rana da muka je gaishe da wata gwaggonsa tare da ƙanwarsa, ya rage gudun mota a gefen Aujara ya nuna min wata doguwar gona mai giginya uku a tsakiya. Ya ce, "Ta Alhaji ce, mahaifina. Wata rana ta 'ya'yanmu ce." Na rufe fuska da mayafi ina dariya. Manya suka shiga maganar, aka sa rana bayan Babbar Sallah.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfanin safiyo, wato awon ƙasa, a Dutse, domin abin da na karanta ke nan. Shugabanmu, wanda kowa ke kira Injiniya, gajeren mutum ne da ba ya rabuwa da gyaɗa a aljihu, kuma ya fi son na'urarsa fiye da yadda wasu ke son 'ya'yansu. Laida ake ce mata. Ba ta fi tukunyar miya girma ba. Ana ɗaure ta a cikin ƙaramin jirgi maras matuƙi, yana tafiya tana harba hasken leza zuwa ƙasa, hasken da ido ba ya gani. Kowane ƙyalli zai sauka ya taɓa abin da ya tarar, ya dawo, ita kuma ta lissafa tsawon lokacin da ya ɗauka, ta san nisan wurin. Wasu ƙyallin kan ganye suke faɗawa, wasu kan rufin ɗaki, wasu su kutsa ta tsakanin rassa su kai ƙasa. Idan aka sauke abin da ta tattaro a kwamfuta, sai ka ga ɗigo-ɗigo kamar an watsa buhun gero a tsakar gida. Aikina shi ne in sheƙe wannan geron: in cire bishiyoyi, in cire gidaje, in cire tsuntsu da akuya, har sai ƙasa ta rage ita kaɗai da tudunta da kwarinta.

Ranar da na fara aiki Injiniya ya kira ni gaban kwamfutarsa ya nuna min wani hoto mai ja da ruwan ɗorawa. Ya ce, "Kin san ina ne nan?"

Na ce, "Kamar hanyar Kiyawa."

Ya yi dariya har ya ƙware da gyaɗa. Ya ce duniyar Mars ce. Irin wannan na'urar, in ji shi, an ɗora ta a kumbo ta yi ta zagaya Mars da duniyar wata tana auna tsawon duwatsu da zurfin ramuka, kuma da ita aka gane inda gangaren wasu busassun kwaruruwa ya nufa, waɗanda ake jin ruwa ya taɓa bi. Wata na'urar kuma a ƙasan Mars ɗin aka ajiye ta, ta ɗaga kai sama tana auna gajimare. Na tsaya ina kallon kwarin nan da ruwa ya bari tun babu kowa, na ji wani abu ya taso min a ƙirji kamar yadda nake ji a shafin ƙarshe na littafi. Kogi ya tafi, amma ƙasa ta riƙe shatinsa. Hoton nan na sa a fuskar wayata, a inda wasu ke sa hoton saurayi.

A bazarar shekarar aka ba mu aikin auna ƙasar da ke tsakanin Jahun da Aujara. Ruwan damina yana cinye gonaki yana yanke hanya, sai wani kwamiti na ƙaramar hukuma ya nemi taswirar da za ta nuna inda ruwa ke bi. Aka kuma ce tunda an zo, za a kafa turakun siminti a tsofaffin burtalai, wato hanyoyin da shanu ke bi zuwa kiwo da mashaya. Abin da ya fito a taswira za a kafa masa turke. Abin da bai fito ba, babu shi.

Gonaki duk an girbe, ƙasa a buɗe take, aikin ya yi kyau. Matsala ɗaya ce: kunyoyin huɗar bara sun cika hoton da zane-zane kamar saƙar tabarma. Akwai wani maɓalli da ake murɗawa ya lallashe irin wannan, ni kuma ina son abu mai kyau, sai na yi ta murɗawa. Ina cikin haka na lura da wani siririn layi mai duhu da ya ratsa kunyoyin a karkace. Na san idan jirgi ya bi wuri sau biyu, wani lokaci gaɓar kan bar tabo irin wannan. Ban tsaya bincike ba. Wayata na gefe tana haske da saƙon saurayina, ina sauri in gama in amsa. Na ƙara murɗa maɓallin, layin ya narke. Taswirar ta fito sumul kamar fuskar amaryar da ta sha dilka, har Injiniya ya ce a buga ta a rataye a bango.

Kwana uku bayan haka Kawu ya zo Takur. Ya kawo wa Dada nono da man shanu, ya zauna a kan tabarma a inuwar ɗaki, ya ajiye sandarsa, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce bana ce ta ƙarshe. Da an yi Sallah zai kwashe shanun ya yi kudu, ba kuma tafiyar rani ba, tafiya ce ta ƙaura. Hanyar tafki ta toshe da gonaki, sai dai su zagaya ta bakin titi, rabin yini a tafe, 'yan maruƙa na faɗuwa. A daminar da ta wuce babbar mota ta buge masa karsana a gaban idonsa.

Dada tana dama fura, ba ta ɗago ba. Ludayin ne kawai ya tsaya a hannunta. A bayan rugar nan aka binne mahaifiyarsu.

Don in sauya zancen na ɗauko kwamfutata na ce, "Kawu, zo ka ga garinku daga sama."

Ya ce, "To 'yar boko, nuna min. Ko da ni a ciki?"

Na fara buɗe masa hoton da ba a cire bishiyoyi ba. Kawu bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma bai yi minti biyu ba ya kama. Ya sa farce a kan gilashin. "Ga tsamiyar makaranta. Ga kukar da aradu ta raba. Wannan tafkin ne. Kai! Ga garkena ma." Yana dariya kamar an ba shi kyauta. Sai na buɗe masa taswirata mai kyau, ina jiran yabo.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ina hanyar?"

"Wace hanya, Kawu?"

"Burtalin mana. Kin ce abin nan yana ganin ƙasa ko an rufe ta. Ya ga akuya, ya ga kaza, bai ga inda shanun kakanki suka yi shekaru suna bi ba?" Ya ɗora farcensa daga ruga ya ja shi a karkace har tafki, daidai inda layin nan yake kafin in narkar da shi. Sa'an nan ya janye hannunsa ya goge a rigarsa. Ya ce, "Ba komai. Kowa ma ya share ta, bare inji."

Ba inji ba ne. Ban iya faɗa masa ba a lokacin.

Washegari na riga mai shara zuwa ofis. Na buɗe ɗigon asali, wanda ban taɓa ba, na cire bishiyoyi kawai na bar ƙasa yadda take. Ga layin nan kwance a ƙarƙashin kunyoyin. Zurfinsa bai kai tsawon tafin hannu ba, mai tafiya a ƙasa ba zai taɓa lura ba, amma daga sama a bayyane yake kamar tsagar kitso. Da Injiniya ya shigo na nuna masa, na faɗa masa abin da na yi. Bai yi faɗa ba. Ya ja kujera ya bi layin da bayan biro.

Ya ce, "Tabon jirgi a miƙe yake kamar an sa zare. Wannan dubi, ya lanƙwasa a nan, ya kauce wa wani abu, wataƙila bishiya ce da aka sare. Kuskuren na'ura ba ya kauce wa bishiya. Kuma kin ga yadda ya buɗe baki kusa da tafkin?"

Na ce, "Shanu ne. In sun ji ƙamshin ruwa sai su watsu."

Ya kalle ni ya miƙo min gyaɗa. Ya ce, "Mayar da shi, ki sa hannu."

Ina mayarwa ina bin gonakin da ya ratsa. Yawancinsu gefe kawai ya shafa. Guda ɗaya ce ya raba biyu tun daga kai har gindi, ya wuce ta tsakanin giginya uku.

Da la'asar ɗin ranar saurayina ya zo zance. Muka zauna a kan benci a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. A littattafan da na karanta, masoya ba sa ɓoye wa juna komai, don haka na ciro waya na nuna masa taswirorin biyu, ta farko da ta biyu, na ba shi labarin duka har da farcen Kawu. A raina ina jin zai yi shiru, ya kalle ni da idanun nan nasa, ya ce zai je ya yi wa Alhaji magana da kansa.

Ya yi murmushi ya ce, "Gimbiya, kin tsorata ni. Na ɗauka wani babban abu ne. Ai shi ke nan, ki ba su ta farkon."

"Ta farkon ba daidai ba ce."

"Ke da bakinki kika ce kin ɗauka kuskure ne."

"Na ɗauka. Na duba, ba kuskure ba ne."

"Har ma ta fi kyau, wallahi. Dubi yadda ta yi sumul." Ya matso da wayar kusa da fuskata. "Alhaji ya sayi gonar nan a gaban dagaci tun ina goye. Bai taɓa ganin saniya ta bi ta ciki ba. Yanzu a ce matar ɗansa ce ta zo ta yanka ta biyu? Da wane ido zai dube ki? Da wane ido zan dube shi?"

Na ce, "Kawu zai tashi."

"Fulani ai dama tashi suke yi." Da ya ga fuskata sai ya sassauta murya. "Ba haka nake nufi ba. Gimbiya, in har kina sona, layi ɗaya ne fa. Maɓalli ɗaya."

Na san wannan wurin. Na karanta shi ya fi a ƙirga. Nan ne yarinya ke fashewa da kuka ta ce ta amince. Ƙamshin turarensa na shiga hancina, kuma ina son sa, Allah shaida ne ina son sa. Na karɓi wayata na ce, "Ina sonka. Hanyar kuma tana nan."

Ya tashi ya kakkaɓe shaddarsa. Bai ce sai da safe ba.

Cikin mako guda maganar ta zagaya. Ya faɗa wa Alhaji, Alhaji ya kai wa kwamiti ƙara cewa taswira biyu ce, ta gaskiya da wadda aka gyara bayan kawun yarinyar ya je Dutse. Kwamiti ya sa ranar da za a je gonar a gani da ido. Injiniya da ya ji gonar ta wane ce, ya kira ni ya ce in zauna a gida, shi zai je ya yi bayani. Na gode masa na ce a'a. In shi ya je, zai ce na'ura ta gani. Su kuma za su ce to me ya sa ba ta gani ba da farko? Amsar wannan a bakina take ni kaɗai.

Dada ce ta fi ba ni wahala. Tana tankaɗe, ta juya min baya, ta ce, "Ke. An ce za ki tsaya gaban surukinki ki yi magana."

"Aikina ne, Dada."

"A gidanmu mace ko hanya ta haɗa ta da suruki, daji take shiga. Ki bar maza su yi."

"Maza sun yi shekaru suna yi, ga Kawu yana ɗaure kaya."

Ta buga rariyar a gefen ƙwarya da ƙarfi. Ba ta ce in je ba, ba ta kuma sake cewa kada in je ba.

Da hantsi muka isa. Rana ta riga ta yi zafi, gabas ta ɗan yi duhu da hadarin farko wanda bai zubar da komai ba. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin giginyun. Ga dagaci, ga 'yan kwamiti da takardunsu, ga Arɗo da Kawu a gefe, ga manoma tsaitsaye. Alhaji na zaune kusa da dagaci da carbi a hannu. Ɗansa yana can jingine da mota, yana kallon wayarsa. Ni kaɗai ce mace, da hijabi har ƙasa da rigar aiki mai ƙyalli a kai, ina riƙe da sandar awo da ta fi ni tsawo.

Na cire takalmi na durƙusa na gaishe da Alhaji. Ya amsa yana kallon reshen giginya. Sa'an nan ya juya ga dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ni da magana da yara. Abin da na sani, takarda biyu ce. Ɗaya kafin a kawo nono daga ruga, ɗaya bayan an sha."

Aka yi dariya. Dagaci ya ce, "Yarinya, me za ki ce?"

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, gaskiya Baba Alhaji ya faɗa, biyu ce. Ta farkon ni na ɓata ta. Na'urar ta ga hanyar tun ranar farko. Ni ce na bi ta kai na shafe, kamar mai yaɓen ɗaki, don ina so ta yi kyau. Laifina ne, ba na na'ura ba, ba na Kawu ba. In za a hukunta wani a kan takarda biyu, ga ni."

Wani daga baya ya ce, "To ina ramin? Mu dai gona muke gani."

Gaskiyarsa, gona ce kawai, kunyoyi a jere da busassun kututturen riɗi. Na ce a ba ni karan dawa. Na ɗauki sandar awon na shiga gonar, ƙaramar na'urar da ke jikinta tana nuna min inda gefen layin yake, ina tafiya ina kafa kara. Mutane suka biyo ni a baya suna surutu. Wani ya ce amarya ta fara shuka tun ba a ɗaura ba. Wani ya ce a bar ta, kara take dasawa, bana za a ci tuwon kwamfuta. Ban juya ba. Na kafa na biyar, na kafa na shida.

Ina sunkuye zan kafa na bakwai na ji wata murya a kaina ta ce, "A'a, 'yata. Ba nan ba."

Wani dattijo ne siriri mai farin gemu, da tsohuwar hula da ta sha rana. Daga baya na ji shi ne ke yi wa Alhaji huɗa da garmar shanu tun shekarar da aka sayi gonar. Tun da na fara yake bina yana kallon karan da fuskar wanda ake ɓata wa aiki a gabansa. Ya karɓi karan daga hannuna, ya yi taki ɗaya zuwa hagu, ya dudduƙa ya soka shi.

Ya ce, "Nan ne bakinta. Injin naki ya kusa, amma bai kai ba. Daga nan zuwa can garma ba ta shiga, tsalle take yi, ƙasan kamar daɓe. Kowace shekara sai na sauya bakin garma saboda wurin nan." Ya miƙe yana kakkaɓe hannu, yana jin daɗin ya gyara. Sai a lokacin ya juya ya ga idon Alhaji a kansa, ya ga na dagaci, ya ga 'yan kwamiti sun daina fifita da takardunsu. Ya cire hularsa ya sake sawa. Ya ce a hankali, "To, ai kowa ya sani."

Ba wanda ya musa. Ni dai na ce, "Baba, taimaka min da sauran." Ya dubi mai gonar, sa'an nan ya karɓi karan. Tare muka kafa su har bakin tafki, ina faɗin abin da na'ura ta ce, yana gyara min da taki ɗaya ko rabi. Da na waiwaya daga bakin ruwan, motar da ke gefen gona ta riga ta tafi.

Kafin damina ta kankama aka kafa turakun. Ba su ba da faɗin asali ba, sun matse shi yadda shanu uku za su jera da ƙyar, kuma aka ɗora wa Kawu sharaɗin duk abin da suka taɓa a wajen turke shi zai ɗauka. Ya yi ta mita, ya ce wannan ba burtali ba ne, lungun gari ne. Amma ya kwance kayan da ya ɗaure.

Ana saura mako uku Sallah wani ƙanin Alhaji ya zo wajen Baffana, wanda zai ba da aurena, ya ce a ɗaga ranar sai an ga hali. Ba a sake sa wata ba. Saurayin nawa kuwa ya turo min saƙo mai tsawo, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya tsaru. Ya ce na zaɓi sawun shanu a kan zuciyar da ta ba ni kanta. Na karanta shi ya fi sau ashirin. Na yi kuka a banɗakin ofis, na yi a adaidaita, na yi a kan sallaya. Wanda ya ce ban ji ciwo ba bai san ni ba. Amma ko sau ɗaya hannuna bai nufi maɓallin nan ba, kuma masu cewa da na yi haƙuri da yanzu ina ɗakina, ina so su faɗa min da wane ido zan riƙa kallon giginyun nan uku ta tagar motarsa.

Ranar da shanun za su fara bi, Dada ta ce in raka ta Aujara, wai za ta kai wa matar Kawu sabulu. Muka hau motar haya zuwa Jahun, muka sake wata. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi, riɗi ya fara tsiro a hagu da dama na turakun. Muka tsaya a gindin tsamiya tare da matar Kawu. Kawu na gaba da sanda a kafaɗa yana kiran su ɗaya-ɗaya, farare da jajaye suna biye, 'yan maruƙa na tsalle a tsakani. Da suka kusa tafkin sai suka ɗaga hanci suka watsu, daidai yadda na gani a kwamfuta.

Dada ba ta dube ni ba. Ta daɗe tana kallon sawun da suka bari a cikin laka. Sai ta miƙo hannu ta gyara min gefen hijabina da ya karkace, ta ce da matar Kawu, "Ba yarinyar nan nono ta fara sha. Tun safe ba ta ci komai ba."